Zuwa ga masu ɗaukar hoton tufafin da ake sayarwa ta intanet



Matar da ta shiga Kantin Kwari sayen atamfa za ta shafa, ta murza bakin ƙyallen, ta fito da shi ƙofar shago ta duba a rana kafin ta taya. Wadda ke Maraɗi ko Kumasi tana duba Instagram kuwa, hotonku kaɗai gare ta, kuma da shi za ta tura kuɗinta. Saboda haka nake roƙonku, ku bar launi yadda yake.

Ba da gangan yawancinku ke sauya shi ba, fitilar shago ce. Farin ƙwan lantarki yana jan kaya zuwa shuɗi, mai ruwan ɗorawa kuma yana sa farar shadda ta yi kamar ta sha jiki. Ku kashe fitila, ku matsa kusa da taga ko ku fita inuwa da hantsi, kada ku haɗa hasken rana da na lantarki a hoto ɗaya. Ku ajiye farar takarda kusa da kayan. In ta fito fara sol a allon waya, launin ya zauna. In ta yi ruwan ƙwai, a sake. Ja da shuɗin baba sun fi ruɗa kyamarar waya, sai an kwatanta hoton da kayan ido da ido. Ku tuna da anko: ƙawayen amarya sun riga sun sayi mayafi da takalmi bisa abin da suka gani, sai kaya su iso ana jiran ruwan hoda a ga ruwan goro. Mai shago ake zagi, amma daga hannunku abin ya fita.

Shadda ta fi komai wuyar sha'ani. Mai sayen shaddar gezna sheƙi da zanen saƙa yake biya, filasha kuwa in ta doke ta gaba da gaba sai ta shafe duka biyun. Haske ya zo daga gefe, a ɗan karkata ƙyallen, zanen zai taso. Bidiyo gajere ana juya ta a hannu ya fi hoto goma.

A yi guga, a kakkaɓe ƙurar hunturu. Ku matso da kyamara kan aikin wuya, kan duwatsun leshi, da bakin atamfa inda aka buga sunan kamfani. In akwai tabo ko zare ya zame, ku nuna. A rubuta tsawo a fili, turmi yadi shida ne ko an yanka.

Sannan WhatsApp yana matse hoto har saƙar ta dushe. In za ku miƙa wa mai shago aikinku, ku tura shi a matsayin fayil, ku kuma duba shi a waya fiye da ɗaya kafin a ɗora.

Wassalam.