Raddi Ga Mai Cewa Matan Hakiman Faransa Kayan Ado Ne

Wata maƙala a kan tarihin mata a Turai ta shigo hannuna, kuma da ba don sakin layi guda ba, da na karanta na wuce abina. A nan ne Malam, marubucin maƙalar, ya ce matan manyan hakiman Faransa na da, wato masu sarautar kont, ba su da wani tarihi da ya wuce aure da haihuwa. Hujjojinsa uku ne, zan kawo su ba ragi ba ƙari: dokar Salik ta haramta wa mace mulki a Faransa, aurensu cinikin ƙasa da dukiya ne, kuma sai da juyin juya halin 1789 ya zo macen Faransa ta ɗaga kai. A taƙaice dai, a wurin Malam, shekara ɗari takwas aka yi ana jera matan nan kamar kwalla a ɗakin amarya, ba wadda ta taɓa motsi.

Mu fara da dokar Salik, tunda a kanta ya ɗora ginin duka. Allah gafarta Malam, a ina ka karanta cewa dokar nan ta shafi sarautar hakimai? Tsohuwar dokar ƙabilar Faranka ce tun zamanin Sarki Clovis, kuma ƙarnuka suka shuɗe ba mai tuna ta. Hana mace gadon sarautar Faransa ya faru ne a 1316 da 1328, saboda rigimar cikin gidan sarauta, daga baya malaman fada suka tono tsohuwar dokar suka liƙa wa abin da aka riga aka yi. Ko a sannan ma, kujerar sarki kaɗai ta shafa. Ƙasashen hakimai suna bin al'adar yankinsu, kuma a yankuna da yawa mace na gadon ƙasa da sarauta.

Ga Mahaut, matar hakimin Burgundi. Ta gaji ƙasar Artois a 1302. Ɗan ɗan'uwanta Robert ya kai ƙara, aka yanke hukunci a 1309 ta yi nasara, ya sake tayar da maganar, a 1318 ta sake kayar da shi. A 1317, ranar naɗin Sarki Philippe na Biyar a birnin Reims, tana cikin manyan ƙasa masu tallafe kambin sarauta. Shi kuwa Philippe ɗin nan, shi ne wanda ya ture 'yar wansa daga gadon sarauta, kuma mijin 'yar Mahaut ne. Wato a rana ɗaya, a ɗaki ɗaya, an hana wata mace sarauta, wata macen kuma tana tsaye da tata sarautar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa Malam ya haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba.

Na san abin da zai ce: ai Mahaut magajiya ce, shi kuwa matan aure yake nufi. To, mu je ga matan auren.

Adela, 'yar William wanda ya ci Ingila da yaƙi, ita ce matar Etienne, hakimin Blois. A 1096 mijin ya bi rundunar 'yan Salibiyya zuwa gabas, ya bar mata ƙasa. Ita ke zaman shari'a, ita ke ba da takardun mallaka, ita ke sasanta rigima da limaman coci. Shi kuwa gogan, da wuta ta yi wuta a kewayen Antakiya a 1098, sai ya sulale ya gudu, washegari birnin ya faɗi. Ya dawo gida da abin kunya. Marubucin tarihin zamanin, Orderic Vitalis, ya ruwaito cewa Adela ba ta bar shi ya sha ruwa ba sai da ya koma. Ya koma a 1101, sojojin Masar suka kashe shi a Ramla a 1102. Ba kukan mutuwarsa nake ba, mutum ne da ya tafi yaƙar Musulmi a ƙasarsu. Abin da nake so Malam ya duba shi ne wa ya ci gaba da riƙe Blois. Adela ce, har zuwa 1120 da ta ajiye mulki ta shiga gidan ibada na Marcigny. Ɗanta Stephen ya hau gadon Ingila a 1135 tana raye. Tsakanin mata da mijin nan, don Allah, wane ne kayan adon?

Ko Sibylla, matar Thierry hakimin Flanders. Mijin ya tafi yaƙin Salibiyya na biyu a 1147, maƙwabcinsu hakimin Hainaut ya ga gida ba namiji, matar kuma da ciki, ya kawo hari. Ta tara mayaƙa ta mayar masa da martani har cikin ƙasarsa.

Amma wadda ta fi ƙona min rai da Malam bai ambata ba ita ce Blanche ta Navarre. Mijinta Thibaut na Uku, hakimin Champagne, ya mutu a 1201 tana da tsohon ciki. Ta haifi namiji bayan 'yan kwanaki, ta riƙe masa ƙasa har 1222. Shekara 21 ke nan. Kuma Champagne ba ƙauye ba ce. A nan ake cin manyan kasuwannin Troyes da Provins da Lagny da Bar-sur-Aube, inda fataken Italiya da na Flanders ke haɗuwa. Ta sayi goyon bayan Sarki Philippe Auguste da kuɗi masu nauyi, ta jawo Paparoma gefenta, da Erard na Brienne ya ɗauko makami a 1216 yana neman ƙasar, ta yaƙe shi har ya haƙura. Da wane haƙƙi Erard yake nema? Da na matarsa Philippa. Neman nasa gaba ɗaya a kan haƙƙin mace yake tsaye, a ƙasar da Malam ya ce doka ta rufe wa mata ƙofa. Kafin Blanche ma, surukarta Marie ta riƙe Champagne ɗin har sau uku tsakanin 1179 da 1197. Haba Malam! Ko littafi ɗaya a kan Champagne ka buɗe, da ka yi tuntuɓe da sunayen nan.

Hujja ta biyu, cewa auren ciniki ne. Gaskiya ne, ban musa ba. An aurar da Jeanne ta Toulouse ga ƙanen sarki bisa yarjejeniyar 1229 don ƙasarta ta koma hannun sarauta, kuma ta koma a 1271. Sai dai cinikin bai bar maza ba: Geoffroy na Anjou yana da shekara 14 aka ɗaura masa aure da Matilda a 1128, ita tana da 26, ba wanda ya nemi ra'ayinsa. Sannan cinikin nan shi ne ya ba matar ƙarfi. Tana shigowa da ƙasa, al'ada ta ware mata kaso daga ƙasar miji da za ta ci amfaninsa idan ya mutu, kuma da yawansu suna da hatiminsu na kansu. Louise ta Savoy tana da shekara 11 aka ɗaura mata aure da hakimin Angoulême a 1488, ta yi takaba a 1496. Ita ce ta riƙe Faransa baki ɗaya a 1515, da kuma 1525 lokacin da aka kama ɗanta Sarki François a Pavia, ita ce ta ƙulla sulhun Cambrai a 1529.

Malam ya kuma ɗan taɓa cewa ba su bar komai a fagen ilimi ba. Marie ta Champagne ce uwar ɗakin marubuci Chrétien na Troyes, kuma Madam La Fayette, matar hakimi, ita ta rubuta La Princesse de Clèves a 1678.

Maganar 1789 kuwa, na gaji, amma ga ta. Dokar Napoleon ta 1804 ta wajabta wa mace biyayya ga miji a rubuce. Macen Faransa ba ta samu ikon jefa ƙuri'a ba sai 1944, matar aure kuma ba ta iya buɗe asusun banki ba tare da izinin miji ba sai 1965. Sakin layin nan na Malam ba ya gyaruwa, ya cire shi kafin ɗalibai su haddace.