Da Kunne Ake Sayen Kayan Sauti, Malam

Da zarar Disamba ta kama, shagunan kayan wuta a Kafanchan sai su jera kwalayen hom tiyata har bakin titi, kowa yana ƙure ƙarar tasa don ya danne na kusa da shi. Lokacin ne kuɗin citta da na masara ke shigowa hannu, ga bukukuwan aure, ga 'yan gida na dawowa daga Abuja da Legas don Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro. A cikin wannan hayaniya ake tafka wata wauta da na gaji da gani. Da kai nake, maigida, kai da kake shiga shago ka ce a ba ka "wadda ta fi wat" ko "wadda ta fi tsada", ka ƙirga kuɗi ka fita ba ka saurari komai ba.

Bari mu fara da wat ɗin da kake tutiya da shi. A jikin kwali an rubuta 5,000W da manyan baƙaƙe, a gefe kuma da ƙananan haruffa an sa PMPO. Juya na'urar ka duba bayanta, inda wayar wuta ta shiga. Akwai 'yar takarda mai faɗin wutar da take ci, sau da yawa wat 60 ne ko 80. To, ta yaya abin da ya ci 60 zai amayar da 5,000? Ƙaramin janaretan nan da yaro ke ɗauka da hannu ɗaya bai kai wat 1,000 ba, amma yana riƙe hom tiyatar taka da talabijin da fanka bai ko yi tari ba. PMPO ba shi da ma'aunin da kowa ya yarda da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Lambar da ake dubawa ita ce RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa tana aiki ba tare da sautin ya dagule ba. Ƙaryar ma tsohuwa ce. Tun 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa doka a kan yadda za a riƙa faɗin ƙarfin amfilifaya, saboda irin wannan zuƙi-ta-mallen. Fiye da shekara 50 ke nan, kai har yanzu da ita ake cin kuɗinka.

Ko wat ɗin na gaskiya ne, ninka shi biyu ba ya ninka ƙara. Desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka ƙarfi wajen sau 10 kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninku.

Kada mai hannu da shuni ya yi dariya, don nasa ciwon ya fi tsada. Shi ne wanda zai aika Abuja ko kasuwar Alaba a kawo masa na miliyoyi, ya kira baƙi ya fara da faɗin farashi kafin ya kunna. A Amurka akwai sifikun da kamfanin Wilson Audio ya sa wa dala 685,000, an kuma taɓa sayar da wayar haɗa sifika a kan dala 7,250, wadda a 2007 wani mai suna James Randi ya sa ladan dala miliyan 1 ga duk wanda ya iya bambanta ta da waya mai sauƙin kuɗi da kunne kaɗai. Ba wanda ya ci kuɗin. A 1987 mujallar Stereo Review ta zaunar da masu sauraro, aka riƙa kunna musu amfilifaya ta dala 220 da wata ta dala 12,000 ba su san wadda ke aiki ba, suka kasa rarrabewa yadda za a kafa hujja da shi. A 1994 masu bincike Floyd Toole da Sean Olive suka nuna cewa makin da mutane ke bai wa sifika yana canzawa da zarar sun ga girmanta da sunan kamfaninta. Ban ce arha da tsada duk ɗaya ba ne. Sifika mai kyau tana da kuɗi, kuma a sifikar ne bambanci ya fi fitowa. Amma akwai inda kuɗi ke daina sayen sauti ya koma sayen suna da sheƙi, kuma wurin bai da nisa kamar yadda mai shago ke so ka ɗauka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda kake wulaƙanta kayan bayan ka kai su gida. Sifiku biyar da aka yi don su kewaye mai sauraro, ka jibge su kan kanta ɗaya a gindin talabijin. Falo tayil ne, bango ba labule, sama silin roba, sauti na dukan ko'ina yana dawowa a cakuɗe. Sannan ka zura memorin da aka tura maka waƙoƙi a wurin cajin waya, waɗanda aka matse aka sake matsewa suna yawo daga waya zuwa waya. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, waɗannan kuwa da wuya su wuce 128, wasu ma ƙasa da haka. Ka zuba gurɓataccen mai a sabuwar mota, sannan kana neman gudu. Kafet da labule masu kauri da matsar da sifiku daga lungu za su gyara sautin fiye da ƙarin naira dubu 200 a kan na'ura.

Sitabilaiza kuwa ba ka ko tambaya ba. Ka san yadda wutarmu ke hawa da sauka, ka san tsawar damina a ƙasar nan daga Kagoro har Kwoi. Rana ɗaya hom tiyatar za ta ƙone, ka kai wa mai gyara ya ce babu kayanta. Dalar da ke wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, kayan nan kuma duk daga waje suke. A 2023 ɗin dai cuta ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko. Wanda ya ga wannan da idonsa ai bai kamata a koya masa darajar kuɗi ba. Haka iyayen amarya da ke cin bashi don kada a ce kayan ɗakin 'yarsu ba hom tiyata: wa kuke son burgewa, 'yan kallon jere da za su watse kafin magariba?

Kai ma mai shago, ka ji tsoron Allah. Ka san wadda aka manna wa sunan babban kamfani alhali jabu ce. Ka san dalilin da ya sa kake ƙure wufa a bakin titi, don rugugin ya rufe muryar da ke fita a shaƙe. Ba rasit, ba garanti, in ta lalace ka ce wuta ce.

Abin mamaki, mutanen ƙasar nan ba kurame ba ne. Matar da ta shekara 20 a zumuntar mata tana gane muryar da ta kauce a cikin mutum 40. Malamin da ke sauraron ƙira'a yana kama harafin da aka tauye. Da wannan kunnen za ka je shago, kuma ka daina kashe shi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar sauraron desibel 80 awa 40 ne a mako, in ya kai 90 awa 4 kacal, balle maƙwabcinka mai jinya da kake hana wa barci. Tafi da waƙar da ka sani sarai, da muryar mutum yana magana. Ka ce a rage ƙara, a rage wufa, ka juya wa kwalayen baya, a kunna maka biyu ko uku ba tare da an faɗa maka farashi ba. Ka tambayi RMS, ka nemi rasit. In mai shago ya ɓata rai, akwai wani shagon a gaba.