NAZARI: Tsohon kaya, sabon farashi: Yadda asarar kasuwa ke gangarowa kan ma'aikatan gidajen mai da sitocin hatsi

A ƙarshen watan Fabrairun 2025 Matatar Dangote ta zaftare Naira 65 daga farashin kowace litar fetur da take sayar wa 'yan kasuwa, daga Naira 890 zuwa Naira 825. Masu ababen hawa sun yi maraba da labarin. Amma ga gidan man da ya riga ya biya kuɗin tanka guda mai lita 45,000 a kan tsohon farashi, motar kuma tana tsakanin Legas da Kano, sanarwar ta cinye masa kusan Naira miliyan uku tun bai sauke ko lita ɗaya ba. Matatar ta ce za ta mayar da bambancin ga waɗanda suka ɗauki mai daga hannunta. Ƙananan gidajen mai da ke saye a hannu na biyu ko na uku daga daffo masu zaman kansu ba su da wanda za su bi bashi.

Ƙungiyoyin dillalan mai, irin su PETROAN da IPMAN, sun sha kokawa da irin wannan asara, jaridu kuma sun ɗauka. Abin da bai cika fitowa fili ba shi ne gardamar da ke ɓarkewa a ɗan ofishin da ke bayan famfo: wa ya ce a sayo, wa ya ce a jira, a kan nawa za a sayar da abin da ke cikin tanki, kuma daga aljihun wa za a cike giɓin.

Gardamar sabuwa ce a harkar mai. Shekara da shekaru gwamnati ke yanka farashin fetur, saboda haka gwanintar manajan gidan mai ba ta wuce ya san inda zai samo kaya ba. Duk litar da ta shigo tanki riba ce, ko yau ko gobe. Wannan zamani ya ƙare ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin dare gidajen mai da dama sun rufe ƙofa, layi ya dawo. Bayan kwana biyu kamfanin NNPC ya fitar da sabon farashi: lita da ake saye wajen Naira 195 a Abuja ta koma Naira 537, a Maiduguri kuwa Naira 557. Duk wanda sanarwar ta iske da mai a tanki ya kwana da riba ninkin-ba-ninkin.

Masu gidajen mai suna da hujjar da suka kare kansu da ita a lokacin, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Wanda ya sayar da lita 45,000 a kan Naira 195 zai tashi da kimanin Naira miliyan 8.8, kuɗin da ba za su cika masa ko rabin tanka ba a sabon farashi. Ɗan kasuwa yana yanka farashi ne da la'akari da abin da zai biya ya sake saro kayan, in ba haka ba jarinsa ya narke yana kallo. 'Yan Kantin Kwari da na Singa sun san wannan lissafi tun kafin masana tattalin arziki su ba shi suna.

Matsalar ta kunno kai ne bayan da matatar Dangote ta fara sayar da fetur a watan Satumbar 2024, farashi ya koma hawa da sauka. A Disambar shekarar ta sauke shi daga Naira 970 zuwa Naira 899.50, a Janairu ya ɗaga, a Fabrairu ya sauka har sau biyu. A nan ne maigidan da jiya ya rantse da farashin sake sari yakan juya baya ga hujjarsa, ya kafe cewa ba za a sayar da ko ɗigo ƙasa da uwar kuɗi ba.

Manaja kuwa yana tsaye a filin gidan mai, yana ganin layi ya koma gidan NNPC ko na MRS da ke tsallaken titi, nasa filin fayau. Ya san fetur ba gero ba ne, in ya daɗe a tanki yana raguwa, musamman a zafin Arewa. Ya kuma san cewa in da bashin banki aka sayo kayan, kowace rana ruwa na hawa; a Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 bisa 100, na bankunan kasuwanci kuma ya fi haka. Shawararsa ita ce a karya farashi, a kwashe kuɗin, a sayo sabo mai sauƙi. Akanta, in gidan yana da shi, yana da tasa ƙa'idar: tsarin lissafin kuɗi na duniya da Najeriya ke bi ya ce kayan da ke ajiye ana rubuta su ne a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin da aka saye su da abin da za a iya samu in an sayar. Ma'ana, asarar ta riga ta auku tun ranar da aka yi sanarwa. Abin da ya rage wa mutanen uku shi ne ranar da za su amsa ta, da sunan da za a rubuta a gefenta.

Sunan da ake rubutawa ba kasafai yake zama na maigida ba. Manajan da ya yi odar tanka cikakkiya ranar jajibirin ragi, an ce ya yi gaggawa. Wanda ya yi taka-tsantsan ya ɗauki rabi, sannan ƙarancin mai ya zo, an ce ya hana gida cin kasuwa. Mafi yawan waɗannan umarni ta waya ake ba da su, babu takarda, babu sa hannu, saboda haka ranar lissafi maganar wanda ke biyan albashi ce ke zama tarihi.

Adalci ne a faɗi cewa zargin da masu dukiya ke yi wa ma'aikatansu yana da tushe. Akwai manajan da ke zaɓar daffo saboda la'adar da dillali zai saka masa a aljihu. Akwai wanda ke sayarwa a sabon farashi ranar da aka yi ƙari, ya rubuta tsohon farashi a littafi. Taɓa lita kuwa tsohon ciwo ne da hukumar NMDPRA ke rufe gidajen mai a kansa. Illar ita ce, a gidan da babu tsayayyen rubutu, sata da sakaci da faɗuwar kasuwa duk suna narkewa su zama kalma ɗaya: giɓi. Giɓin nan kuma kamar ruwa yake, gangare yake bi, daga manaja zuwa mai karɓar kuɗi, daga shi zuwa matashin da ke riƙe da bakin famfo tun asuba. Naira miliyan 2.9 ta tanka guda ta haura albashin wata 41 na mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Da yawan masu zuba mai ma ba sa ganin wannan adadi, domin dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

Abin da doka ta ce

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yi shiru ba. Sashe na 5 ya haramta wa mai ɗaukar aiki yankar albashin ma'aikaci da sunan tara. Ya yarda a yanka ne idan ganganci ko sakacin ma'aikacin ya jawo asarar, shi ma sai da rubutacciyar amincewar jami'in ƙwadago tun kafin a yanka, kuma jimillar abin da za a cire kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Ragin farashin da aka sanar daga Lekki ba ganganci ba ne, ba kuma sakacin mai zuba mai a Hotoro ba ne. Sai dai dokar tana da rami: ma'anar da ta ba kalmar ma'aikaci ta fitar da masu riƙe da aikin gudanarwa. Manaja, wanda ya fi kowa shiga tsaka-mai-wuya a wannan gardama, ba ya cikin inuwarta. Abin da ya rage masa shi ne yarjejeniyar aikinsa da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, alhali sau da yawa yarjejeniyar ta baki ce.

Maimakon kotu, inda irin wannan saɓani ya fi ƙarewa shi ne ofishin 'yan sanda, da tuhumar cin amana. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai. Amma da zarar an sauya wa asarar kasuwa suna ta zama kuɗi sun ɓata, dangi ne za su taru su sa hannu a takardar biya a hankali domin a saki ɗansu.

Abin mamaki, al'adar kasuwancin ƙasar Hausa da fiƙihun da aka gina ta a kai sun daɗe da raba wannan gardama. A babin ƙiradi, inda wani ya kawo jari wani ya juya shi, asarar dukiya ta mai dukiya ce, mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza. Ba ya biya sai in ya ƙetare umarni ko ya yi sakaci. Haka hukuncin ɗan ƙodagon da aka ba amanar kaya. Kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Wanda ya kwashe ribar daren 29 ga Mayu bai kira masu zuba mai ya raba da su ba.

Dawanau

Harkar hatsi ta fi ta mai tsufa a wannan gardama, ta kuma fi ta haɗari, domin a nan ajiye kaya shi ne sana'ar. Ana saye da kaka, a zuba a sito, a fitar da bazara ko tsakiyar damina. Yaushe za a buɗe sito, nawa za a fitar, a kan nawa, su ne tambayoyin da maigida da wakilinsa na kasuwa da mai kula da sito ke saɓawa a kai kowace shekara.

A farkon 2024 siyasa ta shigo cikin lissafin. Dala ta doshi Naira 1,900 a kasuwar bayan fage a watan Fabrairu, abinci ya yi tashin gwauron zabi, aka yi zanga-zanga a Minna da Kano. A watan ne Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Rashawa ta Kano, a ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta garƙame sitoci goma a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. 'Yan kasuwar sun musanta, suka ce kayan ciniki ne da na kwangila. A watan dai Hukumar FCCPC ta rufe kantin Sahad na Abuja na ɗan lokaci, bisa zargin cewa farashin da ke manne a kan kaya ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya. A irin wannan samame, wanda jami'ai da kyamara ke iskewa a bakin ƙofa shi ne mai riƙe da makulli ko mai zaune a kan na'urar karɓar kuɗi, ba lallai wanda ya yanke shawarar ba.

Sannan kasuwa ta juya. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara, shinkafar da ba a gama gyarawa ba, alkama da wake na kwana 150. Waɗanda suka cika sito da kakar 2024 suna jiran tsadar da suka gani a shekarar da ta gabata sun wayi gari a 2025 farashi na sauka a lokacin da aka saba ganin yana hawa. Wakilin da ya ce a fitar da kaya tun da wuri, maigida ya ce a ƙara jira, ba shi da shaidar cewa ya faɗa. Mai kula da sito kuma yana da nasa tashin hankalin: hatsin da ya wuce lokacinsa yana bushewa ya rage nauyi, ƙwari na ci, buhu na yagewa. Tsawaita ajiya shawarar maigida ce, amma ranar awo shi za a tambaya ina sauran kilo.

Maganin bai buƙaci sabuwar hukuma ba. Manyan kamfanoni sun daɗe da raba hannun da ke oda, da wanda ke karɓar kaya, da wanda ke biya, tare da rubuta iyakar abin da manaja zai iya yankewa shi kaɗai, da adadin raguwar kaya da aka yarda na ɗabi'a ne. Saƙon WhatsApp guda da ke cewa a sayo ko a jira ya isa ya zama shaida. Ƙaramin gidan mai ko sito na iya yin wannan a takarda ɗaya. Da yawa ba sa yi, kuma da wuya a ce rashin sani ne kaɗai dalili, tunda duhun yana amfanar wanda ya fi ƙarfi ranar lissafi, kamar yadda yake amfanar manajan da ke da abin ɓoyewa.

Masu gidajen mai suna da ƙungiyoyin da ke kiran taron manema labarai duk lokacin da farashi ya motsa. Masu zuba mai suna da reshe a ƙarƙashin NUPENG, amma muryar direbobin tanka ta fi tasu amo nesa ba kusa ba. Yaran shago da masu kula da sito kuwa, ƙungiyar kasuwar da za su kai wa kuka ta iyayen gidansu ce.

Babu alamar hawa da saukar farashi za ta tsaya. Sashe na 205 na Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ya bar farashin sari da na sayarwa a hannun kasuwa, kuma tazarar Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu ce, tafiyar kwanaki ga tanka mai lodi. A duk lokacin da aka sanar da sabon farashi a bakin matata, akwai motocin da aka biya kuɗinsu a kan tsoho suna kan hanyar Arewa.