Mai Fasaha Ba Ya Ritaya

A aikin gwamnati, da ka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, sai ka miƙa makullin ofis. Da yawanmu kuwa kujerar nan ce kaɗai abin da muka iya. Ranar da aka karɓe ta, sai zaman majalisa da jiran fansho, ƙwaƙwalwa ta yi sanyi, jiki ya bi.

Mamman Shata fa bai ajiye waƙa ba har kusan rasuwarsa a 1999. Wa zai ba mai fasaha takardar sallama?

Jama'a, tun da sauran ƙarfi mu kama wani abu: rubutu, ɗinki, sassaƙa ko lambu. Abin da hannunka ke ƙirƙira shi zai tashe ka da safe ranar da ofis ya daina nemanka.