Jinjina ga Masu Sauke Jirgi Cikin Hazo

Daga Disamba zuwa Fabrairu mutumin Damri ta jihar Zamfara ba ya bukatar a gaya masa yadda hazo yake. Rana takan fito fara fat, manomin da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar Bakolori ba ya hango ƙarshen gonarsa. Kaso mai yawa na wannan ƙura iska ce ke kwaso shi daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. A cikinta ne wasu bayin Allah ke ɗauko jirgi maƙil da jama'a su sauke shi a Kano, ko a filin Sultan Abubakar na Uku da ke Sakkwato, inda alhazan Zamfara suka yi shekara da shekaru suna tashi.

Waɗannan matuƙa sun cancanci jinjina, domin aikin nasu ya saɓa wa ɗabi'ar ɗan Adam. Da zarar ido ya daina ganin ƙasa, jiki yakan yi wa mutum ƙarya, ya ji jirgi a miƙe alhali ya karkata. Shi ya sa wajen koyo ake tare wa ɗalibi ganin waje, a bar shi da agogunan gabansa: mai nuna karkata, mai nuna nisa daga ƙasa, mai nuna gudu. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana wannan tarbiyya. A ƙasa kuma akwai na'urar ILS mai aika saƙon rediyo iri biyu, ɗaya ya daidaita jirgi da tsakiyar titi, ɗaya ya gangaro da shi a hankali. A matakinta na farko, in matuƙi ya sauko zuwa ƙafa 200 bai ga titi ko fitilunsa ba, doka ta ce ya ƙara wuta ya koma sama. Ni wanda ya koma ɗin nan na fi yaba wa, ya sha gunagunin fasinja, ya kai su wani gari da ransu. Masu hasumiyar filin jirgi, da injiniyoyin hukumar kula da sararin samaniya ta NAMA, da masu hasashen yanayi na NiMet, duk suna da kaso a wannan yabo, ko da yake fasinja ba ya ganinsu.

Mun san kuɗin da aka biya kafin a zo nan. Ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin alhazai daga Jidda da rashin kyan yanayi ya hana sauka a Legas ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 29 ga Oktoba 2006, jirgin da ya nufi Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja cikin iskar hadari, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Allah ya jiƙan su.

To, yabon gwani ya zama dole, amma da sauran aiki. Hajji yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. Nan da shekara goma jigilar alhazai za ta koma tsakiyar hunturu, kamar yadda take a 1973. Filin jirgin Gusau da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da aikinsa a 2024 yana bukatar ILS da fitilun titi da wutar da ba ta ɗaukewa, fiye da yadda yake bukatar ƙawataccen zauren jira. Sa na'ura ma bai isa ba, sai jirgin gwaji ya riƙa zuwa yana auna ta. A farkon 2020, an riƙa karkatar da wasu jiragen ƙasashen waje da suka nufi Legas cikin hazo zuwa Akra ta Gana, ana ta ƙorafi a kan rashin kammala wannan awo. NAMA ta riƙa gama na filayen Arewa tun Oktoba, kafin iska ta juya.

Mu kuma fasinja, musamman manyanmu masu sauri, in aka ce an ɗage tashi saboda yanayi, mu daina yi wa ma'aikata tsawa. Kamfanoni su faɗa mana gaskiyar dalili da wuri, su ba mu wurin zama da ruwan sha har sama ta washe.