An Sayi Rigar Waya, An Bar Teburin Caji A Ruwa

Matashi zai sayi sabuwar waya yau, kafin ya kai gida ya sa mata riga, ya manna mata gilashi. Amma duk wanda ya bi ta Ƙofar Kaura a Katsina bayan isha'i zai ga yadda masu cajin waya da masu POS suke barin teburansu da bencinansu. Wasu a buɗe suke kwana, wasu kuma an yafa musu baƙar leda an danne da dutse. A kan irin wannan teburin ne gobe za a jera wayoyin mutane.

Yanayin Katsina ba ya raga wa kayan waje. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, rana ta gasa kujerar roba har ta yi fari, wata rana ta dare da mutum a kai. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ne, kuma na Agusta ya fi yawa. Katako ya sha ya kumbura, ƙusa ta yi tsatsa, gara ta samu hanya. Hunturu kuma ya cika soket da ƙura.

Baƙar ledar nan ita ce babban kuskure. Tana tare ruwan sama, amma tana riƙe danshin da ke tasowa daga ƙasa, idan rana ta fito kuma ta zama tanda. Teburi zai ruɓe ta ciki mai shi bai sani ba. Idan akwai jan waya ko batirin sola a ƙarƙashinta, lamarin ya wuce asarar katako, domin soket mai danshi yana iya ƙona caja, ya lalata wayar kwastoma, ko ya ja mutum. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, to ina ga wayar da aka bari tana caji a kan teburin ƙarfe da ya sha rana?

Abin da ya dace shi ne tamfol mai kauri mai launi mai haske, a kai wa tela ya ɗinka shi daidai girman teburin, da huji na ɗaura igiya saboda iskar hadari. Kada ya sauka har ƙasa, a bar tazara iska ta riƙa shiga. A ɗora ƙafafun teburi a kan bulo. Soket da caja kuwa ba su da dalilin kwana a waje ko da an rufe.

Wasu za su ce tamfol da tsada. Haka ne, ya fi leda kuɗi, amma bai kai kuɗin biyan wayar mutum ɗaya ba. Shi ma mai kai caji yana da haƙƙin duba teburin kafin ya miƙa wayarsa. Idan katakon ya jiƙe, soket yana kwance a ƙasa, ya ƙara gaba.