Kirsimeti da Labaran Ƙarshen Duniya

A ƙauyukan Rano da Kibiya, inda Hausawa Kirista, jikokin Maguzawa, suka daɗe da majami'unsu, Kirsimeti kan zo ne bayan an kai dawa rumbu, mata na suyar cincin, yara na sintiri shagon tela. Abin da ke damuna shi ne yadda hirar ƙarshen duniya ke neman cinye bikin. Matasa na tura wa juna finafinan fyaucewar masu bi zuwa sama a waya, irin ƙagaggun labaran Left Behind da Tim LaHaye da Jerry Jenkins suka fara fitarwa a Amurka a 1995, har wasu na cewa tsadar taki da kuɗin mota alamun zuwan magabcin Almasihu ne. Ban yarda ba. Gwamnati ce ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuma gwamnati ana iya tuhumarta. A Matiyu sura 25 ma, tambayar ranar shari'a a kan ciyar da mayunwaci ce da duba mara lafiya. Fastocinmu, ku sassauta wa'azin tsoro. A kai wa maƙwabta Musulmi shinkafar Kirsimeti, matasa kuma su mallaki katin zaɓe, su tambayi kansila ina maganin asibitin ƙauyensu.